Ƙwai a Aljihun Tabitha

Na kwana a ƙauyenmu Birkgill don in ɗauko yayata Tabitha, da gari ya waye muka tarar yanyawa ta shiga akurki.

Mijinta Amos ya rasu a tsakiyar sanyin shekarar, ciwon ƙirjin nan na masu haƙar darma. Gidan da suke ciki na mai ƙasa ne, shi kuwa ba ya barin mace ita kaɗai a gidan da namiji zai iya shiga ya yi masa aiki. An ɗaga mata ƙafa zuwa bazara. Ni a lokacin ina birnin York, ina ɗinki a shagon Madam Fothergill. Na yi ta roƙo har ta yarda za ta ɗauki Tabitha aikin wanki da guga, amma ta ja mini kunne: aikin yana nan zuwa safiyar Litinin, in ta wuce akwai mai jira.

Shi ya sa tun kafin rana ta fito nake leƙen hanya. Gado da tebur sun riga sun tafi, an raba wa maƙwabta kaji. Guda ɗaya Tabitha ta rage, wata wake-wake mai faɗan tsiya, jikar jikar kajin mahaifiyarmu. Tana kwanci, saura kaɗan ta ƙyanƙyashe, don haka Tabitha ta shirya mata kwando da ciyawa, wai da ita za a tafi York. Da musun wannan kwandon muka yi barci.

Na ji ta ƙwala mini kira daga bayan gida. Na same ta durƙushe, gashin kaza ko'ina, ga jini a bakin akurki. Ba kuka take ba. Hannunta yana cikin gurbi.

"Da ɗuminsu," ta ce. "Kezia, zo ki taɓa. Ba a daɗe ba."

"Yaya, tashi. Keken Baba Jabez ya kusa."

"Ƙwai bakwai ne cif. 'Yar banzar ko ɗaya ba ta taɓa ba, kazar kawai ta ja."

Kafin in buɗe baki ta miƙe, ta ɗage riga da fatari, ta kwance igiyar aljihunanta. Kowa a Birkgill ya san aljihunan Tabitha ko bai taɓa ganinsu ba, don tun daga nesa ake jin kwaramniyarsu. Biyu ne a igiya ɗaya, na ƙyallen katifa mai ratsi, kowanne ya kai kamu guda. A kugu take ɗaura su ƙarƙashin fatari, hannu ya shiga ta tsagar gefen riga, kamar dai na mahaifiyarmu da na kakarmu. Ta juye su a kan dutsen ƙofa. Almakashi ne, guntun kyandir ne, zare, lofen Amos, ɓawon cuku da ya bushe ƙayau, cokalin ƙaho, har da wani haƙori da ban tambayi mai shi ba.

"Riƙe mini waɗannan."

"In sa a ina?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Rigar jikina sabuwar yayi ce, ni na ɗinka abata da ragowar yadi: fara, siririya, shara-shara, kugunta can ƙarƙashin ƙirji, ba tsaga ko ɗaya. Ko allura ka ɓoye a ƙarƙashinta sai ta nuna. A hannuna kuma 'yar jaka ce mai zare wadda hankici kaɗai ya kusa cika ta.

"Wannan 'yar abar me take ɗauka? Atishawa?"

"Haka ake yi yanzu, Yaya. A York ba mai ɗaura buhu a kugu sai tsofaffi da masu tallar kifi."

"To masu kifi sun fi ku hankali."

Dole na cire mayafina na ƙunshe tarkacen. Ita kuwa ta bi shinge tana tsintar ulun da tumaki suka bari a ƙaya, ta shimfiɗa a aljihunan, ta jera ƙwan. Maimakon ta mayar da su gefe, sai ta juyo su gaba, kan cikinta, tsakaninsu da fatarta 'yar rigar ciki ce kawai. Ta ɗaure, ta sauke fatari biyu a kai. Da ta miƙe sai ga ciki ya fito ɓul.

Muna haka ƙararrawar dawakai ta iso. Baba Jabez ne mai keken kayan da ke bin kwarinmu, ya san mu tun muna gudu ba takalmi. Ya ja linzami, ya ƙura wa Tabitha ido, ya cire hula ya sosa kai.

"Tabitha! Ashe Amos ya bar mana saƙo ba a faɗa mini ba?"

"Ja dawakanka, tsohon banza. Ka kuma ja su a hankali, ƙwai ne."

Ta miƙa wa maƙwabciya mabuɗin gida ta saman katanga, ta hau. Ba ta waiwaya ba. Ni ce na yi ta waiwaye har bututun hayaƙin ya ɓace.

A cikin keken akwai buhunan ulu, da wani ƙaton mutum mai sayen ulun, yana zaune a kansu yana gyangyaɗi. Hanyar kwarin duk duwatsu ce da ramukan da ruwan sanyi ya ci. Tabitha ta kasa zama. Ta gwada kan buhu, ta gwada durƙuso, ta koma tsaye ta kama ƙarfen rumfa da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da ciki. Duk girgizar da aka yi sai ta ce, "Wayyo, Jabez, makaho ne kai?" Shi kuma daga waje ya amsa, "Ni ban gina hanyar ba, 'yar nan!"

Daf da gadar ƙasan kwari ƙafar keken ta faɗa rami. Mai ulu ya taso daga barcinsa gaba ɗaya ya faɗo mata. Ƙarar da ta yi sai da dawakai suka tsaya da kansu. Ta zura hannu ta tsagar riga, ta daɗe tana lalube, sannan ta fito da shi. Ƙwai ɗaya ya fashe. Ɗan tsakon ya riga ya cika, har da baki da farce, jiƙe da jini, ya motsa sau ɗaya a tafinta ya daina.

Mutumin ya shiga ba da haƙuri. "Baiwar Allah, ban sani ba. In mun kai kasuwa ni da kaina zan nemo miki kaza sukutum."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta sauka, ta tura ɗan tsakon cikin tsagin katangar dutse, ta toshe da gansakuka. Ta goge hannu da ciyawa.

"Ku je. A ƙasa zan bi ku."

"Yaya, York fa za mu!"

"Jabez ma ai a ƙasa yake tafiya. Ya fi ni ƙafa ne?"

Gaskiya ne, keken kaya ba ya wuce tafiyar mutum. Amma tafiyar Tabitha ta ranar ba ta mutum ba ce. Hannu biyu a ƙasan ciki, tana zaɓen inda za ta taka kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Da aka fara hawan tudu sai ta koma baya. Ni na rasa inda zan sa kaina. In hau keke in ga ta yi nisa in sauko, in jira ta in ga keke ya yi nisa in ruga in ce Baba Jabez ya dakata. Takalmina na yadi ne, tun kafin tsakar rana suka zama laka.

A saman tudun, inda babu bishiya babu katanga, ruwa ya sauko. Mayafina yana ƙunshe da lofe da ɓawon cuku. Rigar yayi ta manne mini kamar ba na sanye da komai, har mai ulu ya juya kai don kunya. Haƙorana suna kaɗawa na tsaya na jira ta, da ta iso na fashe.

"Wai ko sun ƙyanƙyashe ina za ki sa su? Ɗakinmu can ƙololuwar bene yake, mu huɗu a ciki. Babu tsakar gida. Madam ko kyanwa ba ta yarda da ita."

"Sai su zauna a aljihuna."

"Aljihun ma cire shi za ki yi! Ba ta ɗaukar ma'aikaciya mai aljihu, ta ce nan zare da leshi suke ɓacewa."

Ta tsaya cak, ruwa yana bin fuskarta.

"Ba ki faɗa mini wannan ba."

"To yanzu na faɗa."

"Ku da ba ku da aljihu, in aka ba ki abin da ba kya so kowa ya gani, ina kike sa shi?"

"Akwai akwati."

"Mabuɗin yana wurin wa?"

A wurin Madam yake, ta kuma gane hakan ba sai na faɗa ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya wa iska baya, ta kwance fatarinta na sama, na jan ulu mai kauri, ta yafa mini a kafaɗa.

"Ga shi, kada ki mutu a kan yayi. Su ɗaya ya ishe su, cikina da zafi."

Da ruwan ya ɗauke, sararin ya buɗe har inda ido ya ƙare. Tabitha ba ta taɓa wuce gadar kwarinmu ba. Ta kama Baba Jabez da tambaya, waccan hanyar ina ta nufa, wancan hayaƙin wane gari ne, ranar me kasuwarsu take ci. Yana amsawa yana ƙara gishiri, tana cewa ƙarya yake, tana sake tambaya. Ni dai rana nake kallo, tana ta gangarawa, ga shi ko rabin inda ya kamata mu kai ba mu kai ba.

Kafin faɗuwar rana muka isa mararrabar da masaukin Uwargida Hebden yake. Mace ce gajeriya mai kauri, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da wurin. Ta fito tana share hannu, ta hango Tabitha tana tahowa a baya, jiƙe sharkaf, tana tallafe da ciki.

"Jabez! Kana da imani kuwa? Ka bar mai ciki tana tafiya a ƙasa?"

Tsohon ko murmushi bai yi ba. "Na yi na yi ta ƙi hawa. Ki ba ta wuri kusa da murhu, yau ne ko gobe. Kuma ba ɗaya ba ne."

"Tagwaye? Allah sarki!"

Na buɗe baki zan yi bayani, Baba Jabez ya take mini ƙafa. Matar ta riga ta rungumo Tabitha ta shigar da ita kicin, ta kori wasu makiyaya biyu daga bencin murhu, ta zaunar da ita, ta dama mata kunu da madara. Tabitha ta gaji ainun, ta ɗauka kirki ne kawai irin na masu masauki. Ta sha kunun rabi, sai ta ajiye kwanon a hankali. Idonta ya buɗe.

"Kezia. Sun fara."

Uwargida Hebden ta yi tsalle kamar an ɗana mata wuta. "Maza duk ku fita! A ɗora ruwa! Ke 'yar gayu, ba ƙanwarta ba ce ke? Kama ta mu shiga ciki!"

"Ku yi shiru mana in ji!" in ji Tabitha.

Kicin ya yi tsit. Daga ƙarƙashin fatarinta wata 'yar murya ta fito, tsiyu, tsiyu. Ta zura hannu ta tsagar riga, ta fito da ƙwai mai ɗan huji, bakin ɗan tsako yana leƙowa yana komawa.

Uwargida Hebden ta kalli ƙwan, ta kalli cikin, ta kalli ƙofa inda Baba Jabez ya leƙo da kai. Ta ɗauki ludayi ta jefa masa. Daga nan dariya ta kama ta, ta zauna daɓas a kan buhun dankali tana riƙe da haƙarƙari, hawaye yana zuba.

"Na karɓi haihuwa a gidan nan ba sau ɗaya ba," ta ce da ta sami numfashi, "amma yau na ga wadda ta fi ni. Yaranki nawa a gida, baiwar Allah?"

"Ba ni da ko ɗaya," in ji Tabitha. Ta mayar da ƙwan cikin aljihu. Matar ta daina dariya, ta tashi ta ƙara mata kunu, ta kawo tsohuwar hular ulu ta ajiye a gefen murhu don waɗanda za su fito.

Da safe 'yan tsaki uku suna cikin hular, sun bushe, suna tsattsagar gurasar da aka jiƙa musu. Biyu sun huda ɓawo ba su fito ba, ɗaya shiru. Baba Jabez ya ɗaura dawakai. Na shigo na tarar da Tabitha a inda na bar ta.

"Yaya, an ɗaura."

"Wanda ya huda ba a girgiza shi. Ko tafiyar ƙasa ba zan yi da su ba yau."

"Litinin fa?"

"Ki ce wa Madam ɗinki ina nan tafe a keken mako mai zuwa."

"Ba za ta jira ba!"

"To kada ta jira."

Na fita wurin keke, na dawo. Na sake fita, na sake dawowa. Na ce zan zauna da ita, ta ce in na rasa nawa aikin wa zai ɗauke mu mu biyu. Na roƙi Baba Jabez ya ƙara mana ko zuwa tsakar rana, ya ce ulun mutane ne, jiya ma don Amos ya yi haƙuri. Uwargida Hebden ta sa baki, ta ce 'yarta ta yi aure ta tafi, ba mai taya ta tatsa da kula da kaji, Tabitha ta zauna har keke ya dawo, ba wanda zai tambaye ta komai.

Na kwance mayafina na zube mata tarkacenta a benci. Ta ɗauki lofen Amos kaɗai ta riƙe, don aljihun ba wuri tukuna. Na sumbace ta a goshi na fita da gudu, keken ya riga ya motsa.

Na isa York a makare da mura. Safiyar Litinin Madam ta tambaya sau ɗaya, na ce tana tafe, da rana wata yarinya daga unguwar Micklegate tana tsaye a teburin guga.

Duk ranar da keken Baba Jabez zai shigo sai in ƙirƙiro aike. In ce zare ya ƙare, in ruga farfajiyar da ake sauke kaya, in tsaya ina kallon masu saukowa. Makon farko ya ce biyar sun rayu, ɗayan baragurbi ne, Tabitha ta ce sun yi ƙanana da tafiya. Mako na gaba ya ce saniyar Uwargida Hebden ta haihu, ba hali. Daga nan sai ya fara cewa bai same ta ba.

"Kamar yaya ba ka same ta ba? Ina ta je?"

"Ta kai ƙwan Hebden kasuwa. Wancan zuwan kuma an ce ta haura gonakin tudu neman agwagi. Yayarki ƙafarta ta buɗe, 'yar nan. Ni da nake kan hanya kullum, ta fi ni sanin labarin ƙauyuka."

Ban yarda ba. Ɗinki ya dinga karkace mini, ina farkewa ina sakewa. Na kan ajiye allura in je taga in dawo ban san me na je gani ba. Ina ta ƙiyasta ta a kwance da zazzaɓi suna ɓoye mini, ko matar ta mayar da ita baiwa.

Sai bayan girbi Madam ta ba ni hutu. Na bi keken har mararraba. Uwargida Hebden ta gane ni tun daga nesa.

"'Yar gayu! Kin yi saɓani, tun jiya ta fita."

"Ina?"

Ta nuna hanyoyin da haɓa, ɗaya bayan ɗaya. "Ko nan, ko nan, ko can. Tana karɓar ƙwai da man shanu a gonaki ta kai kasuwa, ta dawo musu da allura da gishiri da shayi. Na ce ta zauna, ga gado ga murhu. Kwana biyu in ta yi, sai ki ga tana leƙen ƙofa. Ta ce in ta zauna Amos take gani a kowace kujera."

Na ƙi shiga. Na zauna a dutsen hawa doki, na tashi, na taka hanyar arewa har kwana, na dawo na gwada ta yamma. Rana ta karkata kafin na hango wata mata tana gangarowa daga tudu da sauri, kwando a baya, wani abu fari a hammata. Ta rame, ta yi duhu, takalman maza ne a ƙafarta. Sai da ta matso na tabbata ita ce.

"Kezia! Kin yi fari kamar kyandir. Ba sa ba ku abinci ne? Riƙe mini wannan."

Ta danƙara mini ƙatuwar dinya, tsuntsuwar nan mai kama da agwagwa, a ƙirji. Dinyar ta yi huci ta kai mini sara a kunne.

"Yaya, mu shiga mu zauna mana. Ina da magana da ke cike da baki."

"Ba zama. Matar Garth tana jiran dinyar nan kafin duhu, gonarsu tana bayan wancan tudun. In magana ce ki yi ta a hanya."

"Yanzu fa kika iso!"

"Matse mata fukafukai, in ta kuɓuce ke za ki bi ta."

Ta leƙa kicin ta ce a ajiye mana tuwon dankali da zafinsa, ta gyara igiyar kwando, ta kama hanya. Na tsaya ina kallon bayanta, dinya tana ta mutsu-mutsu a hannuna. Da na ga da gaske ba za ta waiwayo ba, na tattare riga na bi ta da gudu.